Aliyu Nawa Ne a Wurno? Sharhi Kan Sauya Asusun Jama'a Daga Jadawalin Excel

Duk wanda ya taɓa koyon kula da kwamfutocin ofis ya ci karo da wannan darasi. Za a ba ka jadawalin Excel mai ɗauke da sunayen ma'aikata, ka mayar da shi fayil ɗin CSV, ka rubuta umarni mai sahu huɗu ko biyar a PowerShell, ka danna maɓalli. Kafin shayinka ya huce an sauya wa mutum dubu uku sashen aiki, ko an buɗe musu imel, ko an rufe musu asusu. Darasin yana ko'ina a intanet, a rubuce da kuma a bidiyo, kuma kusan duk masu koyar da shi da magana ɗaya suke rufewa: aikin mako guda ya koma na minti biyu.

Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai darasin rabi ne. Ya ɗauka cewa abin da ke cikin jadawalin gaskiya ne, cewa sunan mutum ya isa ya bambanta shi da kowa, kuma idan aka yi kuskure wanda abin ya shafa zai leƙo ofis a gyara masa. Waɗannan zato uku ba su cika tsayawa da ƙafarsu ko a Landan ba, balle a Wurno da Rabah da Goronyo. Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, yadda ake koyar da dabarar da yadda ake amfani da ita ba su dace da mutanenmu ba, kuma gyaran ba shi da tsada.

Yadda abin yake aiki

Manyan ma'aikatu da jami'o'i da bankuna suna da wani kundi na kwamfuta da ke riƙe da asusun duk mai shiga tsarinsu: sunansa, sunan shigarsa, kalmar sirrinsa, sashensa, da abin da aka yarda ya buɗe. Wanda ya fi shahara shi ne Active Directory na kamfanin Microsoft, wanda ya fito tare da Windows 2000. Akwai ɗan'uwansa na intanet da ake kira Entra ID, akwai kuma na Google Workspace da makarantu ke yawan amfani da shi wajen bai wa ɗalibai imel.

Idan mutum ɗaya za a sauya wa bayani, mai kula da kundin zai buɗe asusunsa ya gyara da hannu. Idan kuwa mutum dubu ne, sai a rubuta abin da 'yan kwamfuta ke ce wa sikirif, wato rubutaccen umarni da kwamfuta za ta bi daki-daki. A PowerShell, kalmar Import-Csv ce ke karanto jadawalin, sai umarnin ya bi shi sahu-sahu: ya ɗauki suna, ya nemo asusun mai sunan a kundi, ya aiwatar da sauyin da Set-ADUser, ko ya kulle asusun da Disable-ADAccount, ko ya goge shi da Remove-ADUser. Shi ke nan. In ban da wajen gogewa, ba ya tambaya, ba ya mamaki, ba ya cewa "anya kuwa?"

To, me ya haɗa wannan da manomin tafarnuwa a Wurno ko malamar firamare a Gandi? Gaskiya ne, ba a ofisoshin waɗannan ƙananan hukumomi ake ajiye irin wannan kundi ba. A Sakkwato yake, ko a Abuja, ko a wata ƙasa can. Amma sunayen da ke ciki na nan ne. Ɗalibin Achida da ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da asusu. Jami'in lafiyar Goronyo da ke shigar da alƙaluma a manhajar DHIS2 yana da asusu. Malamin da ke jiran albashi, da ɗalibin da makarantarsa ta tura bayanansa ga asusun lamunin karatu na NELFUND, da duk mai layin waya, kowannensu sahu ɗaya ne a jadawalin wani da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Manhajojin sun bambanta, amma tunanin ɗaya ne: jerin sunaye a hannu guda, kundi a ɗaya hannun, da umarnin da ke gwama su.

Abin yabo

Kafin suka, a faɗi gaskiya. Aikin hannu ma yana da nasa ɓarnar. Wanda ya wuni yana kwafe suna ɗari biyar zai gaji, idonsa zai tsallake sahu, kuma ba wanda zai san inda ya kauce. Rubutaccen umarni kuwa ana iya karanta shi, a adana shi, a maimaita shi. Yana kuma rage damar "ka taimaka ka saka min ƙanena". A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi daga jerin masu karɓar albashi, bayan gwama jerin da lambobin BVN. Ba akawu ɗaya da biro zai yi wannan ba. Saboda haka ba cewa muke a koma fayil ɗin kwali da zare ba. Magana ce ta yadda ake yin aikin.

Aibi na farko: an ɗauki suna a matsayin shaida

Yawancin misalan da ke yawo suna da ginshiƙai biyu a farko: sunan farko da sunan dangi. Daga nan sai umarnin ya ƙera sunan shiga, harafin farko na sunan mutum haɗe da sunan danginsa. Wannan tsari na Turawa ne, inda sunan dangi ke bin zuri'a ɗaya shekaru aru-aru. Mu ba haka muke ba. Bahaushe yana ɗaukar sunan mahaifinsa, ko na kakansa, ko na garinsu. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, da Ahmadu Rabah aka san shi a zamanin karatunsa. Dubi kuma Shehu Shagari, Attahiru Bafarawa, Aliyu Wamakko, Aminu Waziri Tambuwal, Bello Muhammad Goronyo. Duk sunan gari ne a ƙarshe.

Yanzu a ce makaranta ta ɗauki ɗalibai daga Wurno, kuma da yawansu sun rubuta Wurno a gurbin sunan dangi. Aliyu, Abubakar, Aminu, Abdullahi, A'ishatu, Asma'u, duk za su koma "awurno". Kundin ba ya karɓar sunan shiga iri ɗaya sau biyu, don haka mai rubuta umarnin yakan ce a riƙa ƙara lamba: awurno1, awurno2, har inda ta tsaya. A ranar buɗe asusu babu matsala. Matsalar tana zuwa ne bayan shekara, ranar da aka kawo sabon jadawali aka ce ga waɗanda suka bar makaranta, a rufe asusunsu. Jadawalin suna kawai ya ɗauko. Umarnin zai nemi mai wannan suna a kundi, ya samu mutum uku, kuma in ba an hana shi ba, duk ukun zai rufe. A garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har aka binne shi a 1837, ai ba sai an gaya wa mai karatu yawan masu suna Bello ba.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan, mutane da yawa suna ɗaya. Akwai kuma mutum ɗaya mai suna da yawa. Muhammad ne a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar firamare, Mamman a gida. Abubakar Garba ne, Usman Shehu ne, Hauwa'u Kulu ce, Fatima Binta ce. Rabah ɗin ma wani Raba zai rubuta. Ga mutumin gari duk abu ɗaya ne. Ga kwamfuta kuwa, harafi ɗaya ya isa ta ce ba ta san shi ba. Idan kuma dokar umarnin ita ce "duk wanda ba a samu a sabon jadawali ba a kulle shi", to ma'aikacin gaske ya zama na bogi saboda wani ya rubuta masa "o" a maimakon "u".

Sai kuma rubutunmu kansa. Sunaye irin su Sa'adu, Mu'azu, Rabi'u da Isma'ila suna da 'yar alamar nan ta hamza. A PowerShell, wannan alama ce ake buɗe zance da rufe shi da ita. Idan aka cusa Sa'adu cikin umarnin nema ba tare da kiyayewa ba, kwamfuta za ta ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ragowar ya zama shirme, sai ta yi kuskure ta wuce sahu na gaba. Idan ba mai karanta jan rubutun da ke gudu a allo, an bar Sa'adu a baya ke nan. Sunan marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ma alama biyu gare shi, kuma idan ka buga irin wannan suna a Excel, ta farkon ɓacewa take yi, domin Excel na ɗaukarta a matsayin ishara gare shi, ba harafi ba.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, su ma suna shan wuya. Suna nan a tsarin Unicode, amma babu su a tsohon tsarin haruffan Windows na Yammacin Turai. Idan aka adana jadawali da CSV na gargajiya maimakon CSV UTF-8, Ɗahiru zai fito da alamar tambaya a madadin harafinsa na farko. Haka ma Export-Csv na Windows PowerShell 5.1, in ba ka gaya masa tsarin haruffan da kake so ba, da ASCII yake adanawa, wanda babu ko ɗaya daga cikin haruffan nan a cikinsa. Wannan na cikin abin da ya sa ofisoshi suka saba rubuta Dahiru da Danladi ba lanƙwasa. Mun sauya rubutun sunayenmu don na'ura ta ji daɗi.

Aibi na biyu: Excel yana taɓa abin da aka ba shi ajiya

Darussan suna ɗaukar jadawali kamar takarda, abin da ka rubuta shi za ka tarar. Ba haka ba ne. An ƙera Excel don lissafi, saboda haka duk abin da ya yi kama da lamba ko kwanan wata, sai ya "gyara" maka shi.

Lambar wayar Najeriya da sifili take farawa. Excel yana ganin sifilin farko ba shi da amfani a lissafi, sai ya jefar da shi, lamba goma sha ɗaya ta koma goma. Lambar asusun banki ta NUBAN lamba goma ce, kuma da yawa da sifili ɗaya ko biyu suke farawa. Su ma haka. In ka ce bari ka kauce ka rubuta wayar da 234 a gaba, ta zama lamba goma sha uku, sai Excel ya nuna ta da salon masana kimiyya, wani abu kamar 2.348E+12. Idan aka adana a CSV a haka, abin da ke allon shi zai shiga fayil, sauran lambobin sun tafi ke nan. Lamba mai tsawon goma sha shida kuwa, irin ta katin ATM, ta ƙarshen sifili take komawa, don Excel lamba goma sha biyar kawai yake riƙewa daidai.

Kwanan wata ya fi ban tsoro, domin ba a ganin ɓarnar. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata; Amurkawa wata suke farawa da shi, kuma kwamfutoci da yawa a ofisoshinmu da saitin Amurka suke zuwa. Wanda aka ɗauka aiki 01/12, wato 1 ga Disamba, kwamfutar za ta karanta shi 12 ga Janairu. Bambancin kusan wata goma sha ɗaya ne. Idan da wannan ginshiƙi ake lissafa ranar ritaya, shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, kuma umarnin na rufe asusun duk wanda ranarsa ta cika, to an aika mutum gida kafin lokacinsa, ba tare da wani ɗan'adam ya yanke shawarar ba.

Kada mai karatu ya ce wannan sakacin ƙananan ofisoshi ne. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga ƙidayar hukuma a kan lokaci ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil ɗin Excel wanda ba ya wuce sahu 65,536. Da ya cika, sauran suka zube ba ƙara ba ƙorafi, aka makara wajen bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da su. A fagen ilimin ƙwayoyin gado kuma, wani bincike da mujallar Genome Biology ta buga a 2016 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗo jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel suna da sunayen da suka rikiɗe, kamar SEPT2 da ya koma 2 ga Satumba. Abin ya kai a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya sauya sunayen, MARCH1 ya zama MARCHF1. Sai a 2023 Microsoft ya ƙara saitin da ke ba mutum damar hana Excel wannan karambani. In masana da dakunan bincikensu sun faɗa ramin, ina ga akawun da aka ce ya kawo jerin ma'aikata kafin azahar?

Aibi na uku: babu hanyar komowa

Jadawalin da mutane suka cika da hannu ba ya rasa gurbin da aka bari fayau, musamman a can ƙasa. Ga yadda fanko ɗaya ke zama bala'i. Mai rubuta umarni, don ya kama Muhammad da Muhammadu a lokaci guda, yakan ce a nemo duk sunan da ya fara da abin da ke gurbin, ya bi shi da alamar tauraro, wadda ma'anarta "ko me ya biyo baya". Idan gurbin fanko ne, tauraron kaɗai ya rage. Ma'anarsa a nan: kowa da kowa. Idan abin da ke gaba kullewa ne, an kulle ma'aikata duka, har da mai danna maɓallin.

Kullewa ma da sauƙi, ana buɗewa. Gogewa kuwa zarar bunu ce. A Active Directory kowane asusu yana da wata lamba ta ɓoye da ake kira SID, kuma da ita ake ba shi izinin shiga fayiloli, ba da sunansa ba. Idan ka goge asusu ka sake buɗe wani da suna iri ɗaya, sabuwar lamba zai samu, a wurin kwamfuta baƙo ne. Akwai kwandon dawo da abin da aka goge tun fitowar Windows Server 2008 R2, amma ba a kunne yake zuwa ba, sai wani ya kunna shi tun kafin ɓarnar. Entra ID na riƙe asusun da aka goge kwana 30, Google Workspace kwana 20. Bayan nan sai haƙuri.

A watan Afrilun 2022 kamfanin Atlassian, mai sayar wa manyan kamfanonin duniya manhajojin aiki, ya nuna yadda abin ke faruwa. An so a goge wata tsohuwar manhaja daga shafukan abokan ciniki. Sashen da ya nemi aikin ya miƙa jerin lambobin shafukan gaba ɗaya a maimakon lambobin manhajar, aka kuma gudanar da umarnin a yanayin gogewa ta dindindin. Cikin mintuna kaɗan abokan ciniki 775 suka rasa shafukansu, wasu sai da suka yi kusan mako biyu kafin a dawo musu da su. Umarnin bai yi kuskure ba, abin da aka ba shi ya aikata. Jerin ne ba daidai ba, kuma ba a tanadi wanda zai duba shi kafin a danna ba.

Aibi na huɗu: wa ke biyan kuɗin kuskuren?

Nan ne darussan suka fi yin shiru, kuma nan ne ya fi shafar gabashin Sakkwato. A kamfanin da aka rubuta darasin dominsa, wanda aka kulle bisa kuskure zai hau bene ɗaya ya samu mai kula da kwamfuta. A wurinmu, mai danna maɓalli yana birni, wanda aka kulle yana Shinaka.

Mun ga irin wannan a babban sikeli. A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 kiran waya. A ƙarshen Yulin 2024 aka sake rufe layuka masu yawa, jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin kamfanonin waya, har hukumar NCC ta ba da umarnin a buɗe su, aka kuma ɗaga wa'adin zuwa 14 ga Satumba. Ba da jadawalin Excel aka yi wannan aiki ba, amma gininsa ɗaya ne: an gwama kundi biyu, wanda bayanansa suka saɓa aka rufe shi. Kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da mutanen da suka riga suka miƙa lambarsu, sai dai sunan da ke rajistar layin bai yi daidai da na katin ba.

Ka auna abin da rufe layi ke nufi ga mai sayar da albasa a Goronyo, wanda dillalinsa ke kudu, kuɗinsa kuma ta waya yake shigowa. Ka auna wa malamin da ba a ga albashinsa ba: kuɗin mota zuwa Sakkwato da dawowa, wunin da ɗalibai suka yi ba malami, a ce masa mai sa hannu ba ya nan ya dawo jibi. Ga hanyoyin yankin da matsalar 'yan bindiga ta sa ba a bin su sai da lissafi. Ga waɗanda suka baro ƙauyukansu a guje, takardun da za su kafa hujja da su suna can. A 2021 ma an katse sadarwar waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo, don haka ko saƙon "ka zo a tantance ka" ba lallai ya iso ba.

Yi lissafi mai sauƙi. A ce jadawali yana da mutum 5,000, kuma kashi 99 cikin ɗari daidai ne. Mai rubuta rahoto zai ce an yi nasara. Amma kashi ɗayan nan mutum 50 ne, gida 50. Mintunan da aka ce an rage ba ɓacewa suka yi ba. An kwashe su ne daga teburin mai kwamfuta aka ɗora wa wanda ya fi kowa nisa da ofis.

Yadda aikin kirki yake

Abin haushin shi ne duk wannan yana da magani, kuma maganin tsoho ne. Rigakafi dai ya fi magani.

Na farko, kada a taɓa nemo mutum da sunansa. A ba kowa lambar da ba ta sauyawa, lambar ma'aikaci ko ta ɗalibi, a adana ta a kundi, da ita kaɗai za a gwama. Suna na ɗan'adam ne, don ya duba da ido. Idan nema ya dawo da mutum fiye da ɗaya, ko bai dawo da kowa ba, umarnin ya ajiye wannan sahu gefe, kada ya yi hasashe.

Na biyu, a binciki jadawalin kafin a taɓa kundi. Lambar waya ta cika goma sha ɗaya? Ta banki goma? Lambar ƙarshe ta NUBAN ma an tanade ta ne don gano kuskuren bugawa, ana iya lissafa ta. Akwai gurbi fanko? Akwai lambar da ta fito sau biyu? A mayar da ginshiƙan lambobi rubutu tun kafin a zuba su, a rubuta kwanan wata da shekara a gaba, 1990-12-01, a adana da UTF-8.

Na uku, a yi gwajin bushe. PowerShell yana da kalma ɗaya tak, -WhatIf, wadda idan aka liƙa ta, umarnin zai faɗi abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Darussa da yawa ko ambatonta ba sa yi. A fitar da jerin waɗanda abin zai shafa, a aika wa wanda ya san su: sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shugaban asibiti, hedimasta. Shi ne ya san cewa Aliyun da ya rasu daban, Aliyun da ke koyarwa a aji huɗu daban.

Na huɗu, a kwafi yadda kundin yake kafin sauyi, a fara da mutum goma kafin dubu, a sa wa umarnin iyaka ta yadda in ya ga zai taɓa fiye da adadin da ake tsammani ya tsaya da kansa. A kulle, kada a goge, sai bayan watanni. A rubuta wanda ya kawo jerin, wanda ya amince, da wanda ya danna. Kuma kada a yi irin wannan aiki da yammacin Juma'a ko daren biyan albashi.

Na biyar, wanda ba na kwamfuta ba ne amma ya fi sauran: a sanar da mutum kafin a rufe shi, da Hausa, ta rediyo da ta masu unguwa in waya ba ta zuwa, kuma a ajiye wurin gyara a hedikwatar ƙaramar hukumarsa. Wannan ba alfarma ba ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin a gyara bayanansa in ba daidai suke ba, ta kuma ba shi haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukuncin da zai taɓa rayuwarsa sosai ba tare da damar wani ɗan'adam ya duba ba. Tsayar da albashi saboda harafi ɗaya, in ba irin wannan hukunci ba ne, to mene ne?

Hukuncinmu

Dabarar sauya asusu da yawa daga jadawali tana da amfani, kuma matasanmu da ke koyon aikin kwamfuta a Sakkwato ya kamata su iya ta. Amma darasin mai sahu huɗu, yadda yake yawo, bai isa a kira shi koyarwa ba. Ya nuna ɓangaren da ke da sauƙi ya bar mai wuyar, kuma mai wuyar shi ne ya fi yawa: tantance jerin, sanin mutanen, da tanadin hanyar komowa. Wanda ya kwafo shi daga intanet ya ɗora a kan sunayen Wurno da Rabah da Goronyo ba tare da gyara ba, ya ari rigar da ba a ɗinka don jikinmu ba.

Ga mai koyo, gwaji ɗaya muke ba da shawara. Kafin ka yarda da duk wani umarni, naka ko na wani, haɗa ɗan jadawali mai sahu shida: Aliyu Bello biyu, Sa'adu ɗaya, Ɗahiru ɗaya, lambar banki mai fara da sifili biyu, da sahu ɗaya fanko. Gudanar da shi da -WhatIf, ka karanta abin da ya ce zai yi. In ya tsallake waɗannan shida lafiya, sannan a fara maganar mutum dubu.